Yaro mai galahanga yana dukan kunnensa da dare: ciwo ne ko halinsa?

Maman_Abba_KT:
Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema. Ɗana shekararsa 6, yana da lalurar galahanga (wato autism, mai shafar magana da mu'amala da mutane), maganarsa ba ta wuce 'yan kalmomi ba. Da hunturun nan ya shigo ya kwashi mura, murar ta fara sauƙi sai ga wani sabon abu. Da an yi isha'i an kwanta sai ya tashi da ihu yana marin gefen kansa na dama, wani lokacin har ya buga da bango. Ba ya yarda ya miƙe a katifa, sai dai ya jingina da ni a zaune har asuba. Ƙosai da yake so ma ya daina taunawa, koko kawai yake karɓa. Dama can shi mai toshe kunnuwa ne in maƙwabta sun tayar da janareta ko an kunna injin markaɗe a layinmu, shi ya sa kakarsa ta ce halinsa ne ya motsa, a ƙyale shi. Wata maƙwabciya kuma ta ce in ɗiga masa man zaitun da aka yi wa tofi. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ku da kuka riga ni ganin irin wannan, yaya ake gane ciwon kunne a wurin yaron da ba zai buɗe baki ya ce kunnena ba?

Hajjo_Layout:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya ƙara miki haƙuri.

Ummu_Hanif:
Maman Abba, ni abin da na lura da shi a wurin nawa ɗan, toshe kunne saboda ƙara daban, na ciwo daban. In ƙara ce, hannu biyu yake sa wa kunnuwa biyu, kuma da an kashe janareta zai sauke hannun ya koma wasansa. In ciwo ne, gefe ɗaya yake kamawa, ko gida ya yi tsit bai daina ba, kuma dare ya fi tsanani. Abin da kika faɗa na ƙin kwanciya da ƙin tauna, wallahi sak na ciwon kunne. Gobe da sassafe ki kai shi a leƙa.

Baban_Yara_Daura:
Hajiya, man zaitun ɗin nan ba laifi ba ne. Mu a gidanmu ɗumama shi ake yi kaɗan a ɗiga, yaro ya samu barci. Babu wanda ya taɓa samun matsala cikin yarana.

Sista_Rafindadi:
Baban Yara, da girmamawa, kada a ɗiga komai kafin a duba. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren yara. Daga waje ba ka da hanyar sanin ko dodon kunnen ya huje. In ya huje, duk abin da ka zuba ciki zai zarce. In ma bai huje ba, ciwon da ke biyo bayan mura a bayan dodon kunne yake, man ba zai kai wurin ba, sai dai ya rufe wa likita abin da yake son gani.

Maman Abba, a daren nan ki ba shi farasitamol. Da nauyin yaro ake aunawa, miligiram 15 ga kowane kilo, bayan kowane awa 6, kada ya wuce sau 4 a kwana ɗaya. Misali yaro mai kilo 20 zai sha miligiram 300. Ki karanta jikin kwalbar, yawancin na ruwa miligiram 120 ne ko 125 a cikin mililita 5. Kada ki ba shi asfirin. Ki ɗaga masa kai da filo, ko ki bar shi ya jingina yadda ya zaɓa, shi ya san yanayin da ya fi masa sauƙi. Jikinsa da zafi?

Maman_Abba_KT:
Na gode Sista. Eh, da ɗan zafi, amma ba kamar na maleriya ba.

Sista_Rafindadi:
Hannu ba ya tantance wannan. In kun je a haɗa da gwajin maleriya.

Abu_Sabuwar_Unguwa:
Ni fa ban ga abin wahalar da kai ba. Layin asibiti da yaro irin wannan ba wasa ba ne. Ta je kemis ta sayi amoksilin na ruwa, shi ɗin dai za a rubuta mata in ta je.

Likitan_Yara:
Malam Abu, na san wahalar layin da kake faɗa, amma bari in yi bayani don amfanin kowa.

Akwai wata siririyar hanya da ta haɗa bayan hanci da tsakiyar kunne, ita ke shigar da iska tana fitar da ruwa. A jikin yara gajera ce kuma a kwance take, shi ya sa da mura ta kumbura ta sai ta toshe, ruwa ya taru a bayan dodon kunne, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Ruwan ne ke tunkuɗo dodon kunnen, kuma kwanciya na ƙara matsin, shi ya sa ihun dare. An fi ganin wannan tsakanin wata 6 da shekara 2, amma manyan yara ma suna yi, musamman a hunturu da ƙura da mura suka yi yawa.

Da yawa daga cikin irin wannan ciwon suna lafawa da kansu cikin kamar kwana 3 da maganin rage zafi kaɗai. Wasu kuma dole sai da antibayotik: jariri ƙasa da wata 6, yaro ƙasa da shekara 2 da kunnuwa biyu suka kamu, kunnen da ke zubar da mugunya, zazzaɓi mai tsanani, ko wanda bai samu sauƙi ba bayan kwana 2 zuwa 3. Mai kemis da bai leƙa ba ta ina zai san wanne ne? Ƙila ma ba ciwon tsakiyar kunne ba ne, wani abu yaron ya cusa, ko haƙori ne.

Abin da ya fi damuna da yara masu galahanga shi ne, da an san yaro yana da ita, duk abin da ya yi sai a ɗora a kanta. Ya yi ihu, galahanga. Ya ƙi abinci, galahanga. Har mu ma'aikatan lafiya muna faɗawa cikin wannan. Yaron da halinsa ya canza a ɗan lokaci, barcinsa ya lalace, ya fara dukan kansa, sai an nemi ciwo a jikinsa tukuna: kunne, haƙori, maƙogwaro, ciki, bayan gida.

Alamomin da ba a jira safiya da su: kumburi da ja a bayan kunne har kunnen ya turo gaba, sanƙarewar wuya, yaro ya yi laƙwas ba ya farkawa sosai, amai ba tsayawa, jijjiga, ko baki ya karkace gefe ɗaya. Mu a nan Katsina mun san sanƙarau in zafi ya shigo, ba a wasa da wuya. Mai sikila kuwa, kowane zazzaɓi nasa na asibiti ne.

Gwaggo_Yandaka:
Ɗiyata Allah shi ba shi lahiya. Mu dai da muka taso ruwan albasa aka matsa ma yaro, ko nonon uwa, kuma ga mu nan da kunnuwanmu. Sannan yaran ga masu wannan lalura, kada a manta da addu'a, don ba komi ne na asibiti ba.

Sista_Rafindadi:
Gwaggo, Allah ya ƙara girma. Ku Allah ya tsare ku. Amma ina ganin manya da kunne ɗaya ya mutu, in ka tambaya sai su ce tun suna yara yake ruwa ana ta zuba masa abubuwa.

Malam_Na_Gobarau:
Gwaggo ta yi gaskiya a kan addu'a, Sista ta yi gaskiya a kan magani, kuma babu karo tsakaninsu. Uwa ta karanta ta tofa a tafin hannunta ta shafe kan yaron da jikinsa, wannan ya wadatar. Babu inda aka wajabta a zuba wani abu cikin kunne. Abin da nake ja wa mutane kunne a kai shi ne masu cewa aljanu ne a riƙe yaro ana yi masa ihu a kunne ko ana turara shi da hayaƙi a rufaffen ɗaki. Yaron da ƙara ke azabtar da shi, wannan zalunci ne.

Baban_Mubarak:
Likita, kun ce a kai a leƙa, to yadda ake leƙawar fa? Na kai ɗana wani asibiti da ba zan kira suna ba. Mun daɗe a layi cikin hayaniya har ya gama birkicewa, da muka shiga ba wanda ya yi masa magana, sai aka kira ƙarti suka danne shi a gado. Na ce a ba ni minti biyu in lallashe shi, aka ce akwai mutane a waje. Tun daga ranar, ko ƙofar asibiti ya hango sai ya fara cizon hannunsa. Har yau abin yana ci mini rai.

Ummu_Hanif:
Baban Mubarak, wallahi na san zafin nan. Abin da ya taimake mu: kafin ranar zuwa nakan ɗauki tocilan ɗin waya in haska kunnen babansa yana kallo, sannan nawa, sannan in ba shi ya haska mini, daga ƙarshe nasa. A asibiti kuma mutum biyu muke zuwa, ɗaya ya riƙe layi, ɗaya ya zauna da shi a waje ƙarƙashin bishiya har a kusa kiran mu. Ina shiga nake cewa, likita, yaron nan yana da galahanga, don Allah a nuna masa fitilar ya taɓa kafin a sa masa. A cinyata yake zama ta gefe, hannuna ɗaya ya zagaye hannayensa, ɗayan ya jingina kansa da ƙirjina. Ba a kwantar da shi.

Abu_Sabuwar_Unguwa:
Wannan sai mai lokaci da mai rakiya. Wani yaron ko shekara za ki yi kina haska tocila ba zai tsaya ba. Wani lokacin dole a riƙe.

Likitan_Yara:
Gaskiya ne akwai lokacin da dole a riƙe kai da kyau, don motsi da ƙarfe a kunne hatsari ne. Amma riƙon uwa ko uba na 'yan daƙiƙu daban yake da dannewar baƙi. Baban Mubarak, abin da aka yi wa ɗanka bai dace ba. In abin ya gagara gaba ɗaya, likitocin kunne da hanci da maƙogwaro suna iya ba yaro maganin barci su duba a natse. Ku tambayi sashensu a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina.

Sadiq_UMYU:
Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne, kuma ni kaina ina da galahanga, ina magana ina karatu. Ina so in faɗi yadda abin yake daga ciki. In kunnena na ciwo ba kullum nake gane cewa kunne ne ba. Abin da nake ji shi ne komai ya yi mini yawa, haske, muryar mutane, har rigar jikina. Ina yaro in an ce ina ke maka ciwo, ba na iya amsawa, tambayar ta yi faɗi. Mahaifiyata ta koma taɓa wuri ɗaya bayan ɗaya tana cewa nan? nan? Wannan na iya amsawa. Daga baya ta zana mutum a takarda ina nunawa da yatsa. Kuma dukan kai da kuke gani, ni dai a wurina yana danne ciwon na ɗan lokaci ne, ba taurin kai ba ne. Don Allah ku riƙa faɗa wa yaro za a taɓa shi kafin a taɓa, ko da kuna ganin ba ya fahimta.

Hajjo_Layout:
Allah ya yi maka albarka ɗana. Na karanta wannan da hawaye. Jikata ce ta faɗo mini a rai.

Maman_Abba_KT:
Jama'a mun je mun dawo, Alhamdulillahi. Likita ta ce dodon kunnen dama ya yi ja ya kumburo, maleriya babu. Na yi yadda Ummu Hanif ta ce, a cinyata aka duba shi, ya yi kuka amma bai birkice ba. An rubuta amoksilin da maganin zafi. Sadiq, na gwada nan? nan? ɗinka, da na kai bayan kunnen sai ya kama hannuna ya danna a wurin. Yanzu matsalar shan maganin ce, da ya ji ɗanɗanon sai ya furzar.

Sista_Rafindadi:
Ki ajiye cokali, ki nemi sirinji marar allura. Ki sa ta gefen kumatu, ba tsakiyar harshe ba, ki riƙa turawa kaɗan-kaɗan yana zaune. Kada a toshe masa hanci a ɗura, yana iya shaƙewa. In ɗanɗanon ne ya hana, ki tambayi mai ba da magani ko akwai ƙwayar amoksilin mai narkewa a ruwa, ko ki gauraya da cokali ɗaya na yogot ko zuma ya shanye tas. Kada ki zuba a kofin koko gaba ɗaya, in ya bar rabi ba ki san nawa ya sha ba, kuma zai iya tsanar kokon, ga shi shi kaɗai yake karɓa. Na ruwan da aka haɗa a ajiye a wuri mai sanyi, in babu wuta ko gindin randa ne, a girgiza kafin a ba shi. A cika kwanakin da aka rubuta ko ya warware.

Maman_Yusra_Kofar_Kaura:
Tunda ana maganar, bari in kawo tawa, ta manya ce. 'Yata shekararta 15. Abin toshe kunne mai kama da hedifon shi ne ya ba ta damar shiga Keke Napep da zuwa Islamiyya, in ba shi ba ƙarar hon kaɗai ta ishe ta. To da zafin bara, ga gumi ga hijabi a sama, kunnen ya fara ƙaiƙayi, tana sosawa da tsinken ashana a ɓoye, har ramin ya kumbura. Ko ɗankwali ya goga sai ta yi tsalle. An ba mu maganin ɗigawa. An ce ta daina sa abin gaba ɗaya, ni kuma na san in ta daina, ta daina fita ke nan.

Likitan_Yara:
Maman Yusra, wannan ciwon ramin kunne ne na waje, daban da na Abba. Alamarsa ita ce zafi in an ja kunnen ko an danna 'yar tsokar da ke bakin ramin. Damshi da sosawa ke kawo shi. Ta huta da abin har kumburin ya sauka, kuma a kiyaye ruwa wajen wanka. Bayan nan ba sai ta rabu da shi ba: a goge soson, a bar shi ya bushe, ta riƙa cirewa in ta shiga wuri marar hayaniya, kuma wanda ke rufe kunne daga waje ya fi wanda ake cusawa ciki. Ashana, gashin kaza, tsinken auduga, murfin biro, duk a raba ta da su. Dauɗar kunne da kanta take fitowa, bakin kawai ake gogewa.

Wajen ɗigawa, a riƙe kwalbar a tafin hannu ta yi ɗumi, don mai sanyi yana sa jiri, kuma yaron da ya ji jirin nan sau ɗaya ba zai ƙara yarda ba. Ta kwanta ta gefe, a ja kunnen baya da sama, a ɗiga, ta zauna haka minti 3 zuwa 5. Budurwa kamarta ma a koya mata ta riƙa yi da kanta.

Baban_Yara_Daura:
To Likita ga shi ku ma ɗigawa kuke cewa a yi. Ni har yanzu ban ga laifin man zaitun ba.

Sista_Rafindadi:
Bayan an leƙa an ga dodon kunne lafiya, Baban Yara. Man zaitun ma likita kan ce a sa don tausasa dauɗar da ta daskare. Leƙawar ce ba a tsallakewa.

Anti_Malama:
Ni malamar firamare ce, kuma ina so a kula da wanda ba ya ciwo. Akwai yaron da na koyar, mai galahanga, da ya fara kiran sunayen abubuwa sai ya tsaya cak, a kira shi ba ya waiwaye. Kowa ya ce lalurar ce ta ƙaru. Ashe ruwa ne mai kauri ya kwanta a bayan dodon kunnuwansa bayan mura, yana jin magana kamar wanda aka kifa wa ƙwarya a kai. Maman Abba, in ya warke kada ki ce shi ke nan, ki lura da jinsa.

Likitan_Yara:
Anti Malama ta taɓo babban abu. Ruwan nan yakan saura bayan ciwo ya wuce, yawanci ya janye da kansa cikin wata 3. In ya wuce haka kuma ji ya ragu, ana iya sa ɗan ƙaramin bututu a dodon kunne don iska ta shiga. Akwai gwaje-gwajen ji da ba sa buƙatar yaro ya amsa komai, na'ura ce ke aunawa, wani ma yana barci ake yi. In ba a samu a kusa ba, akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Duk yaron da magana ta yi wa jinkiri ya kamata a gwada jinsa ko da an riga an ce galahanga ce.

Dan_Mashi:
Ku dai ku faɗi gaskiya, alluran rigakafin nan ne suka kawo wannan lalura. A da ina aka san ta?

Ummu_Hanif:
Malam, a da ana kiransu da wasu sunaye marasa daɗi a ɓoye su a ɗaki. Suna nan tun fil azal.

Likitan_Yara:
Maganar cewa rigakafi ke kawo galahanga ta samo asali ne daga wani rubutu da wani likita ya wallafa a Ingila a 1998. Mujallar ta janye shi a 2010, shi kuma aka soke lasisinsa. Binciken da aka yi a kan ɗimbin yara bayan nan bai nuna alaƙa ba. Rigakafin ciwon haƙarƙari da ake yi wa jarirai a sati 6, 10 da 14 ma yana cikin abin da ke rage wasu ciwukan kunne, haka shayar da nono da nisanta yaro daga hayaƙin taba.

Dan_Mashi:
To, kowa da fahimtarsa.

Baban_Mubarak:
A koma kan kunne. Ku kula da abin da suke cusawa. Nawa ƙwayar carbi aka taɓa ciro masa, wari ne ya tona. Gyaɗa da wake in sun sha ruwa kumbura suke, kada a ce za a wanko su. Ɗan batirin agogo mai kamar maɓalli kuwa yana ƙona nama cikin 'yan sa'o'i, wannan ko tsakar dare ne a tafi, kuma kada a ɗiga komai.

Maman_Yusra_Kofar_Kaura:
Haƙori ma. Yusra tana da wajen shekara 12 ta yi ta riƙe kunne, aka duba kunne lafiya lau, ashe turmin ciki ne ya rube.

Inna_Mai_Adua:
Salamu alaikum, yanzu na ga wannan zance. Jikana mai irin wannan lalura ne, shekararsa 9. Shi ya yi ihun dare kamar na Abba, sai wata safiya muka ga ruwa a filo, daga nan ya daina kuka, muka ce ya warke. To yau ya fi wata kunnen yana zubar da ruwa mai wari, ƙuda na bin sa. Uwarsa tana toshewa da auduga. Ciwon dai babu.

Sista_Rafindadi:
Inna, bai warke ba. Dodon kunnen ne ya fashe mugunyar ta samu hanya, shi ya sa zafin ya tafi. Kunnen da ya wuce sati 2 yana zuba ya zama daɗaɗɗen ciwo, kuma yana cin ji a hankali. A daina cusa auduga a bar ta ciki. A murɗa tsumma mai tsabta mai laushi ya yi tsini, a sa a bakin ramin ya tsotse ruwan, a cire, a sake da wani har ya fito a bushe, sau 3 a rana. In ba ya yarda a farke, a yi yana barci. Ruwan wanka kada ya shiga, kuma in damina ta zo ban da kududdufi. Ku kawo shi asibiti a Daura cikin satin nan, kada a sayi maganin ɗigawa a kasuwa, akwai waɗanda ke lalata ji in dodon kunne a huje yake.

Inna_Mai_Adua:
To 'yar nan, na ji. Sai dai shi ba ya shiga motar haya in ta cika. Zan yi wa kawunsa magana ko zai kawo mu a mashin bayan kasuwar Lahadi.